Labarin Dutsen Zagami da Masanan da Suka Karanta Shi

Yau ina so in ba ku labarin wani dutse. Kada wani ya ce, me ya haɗa malamin allo na Faru da zancen dutse? Dalili shi ne, kwanan baya wani ɗan'uwa da ke fatauci tsakanin Talatar Mafara da Agadas ya zauna a zaurena bayan lisha, ya ce ya iske ana ta zancen wani dutse da aka tsinta a hamadar Nijar, aka sayar da shi a Amurka a kan kuɗin da suka fi ƙarfin lissafin kasuwarmu, wai don daga tauraron Mirrihi ya faɗo. Sai ya ce mini, "Allah gafarta Malam, wa ya je Mirrihin ya gano, har da zai shaida cewa daga can dutsen yake?" Na ga tambayar ta mai hankali ce, irin wadda alƙali kan yi wa mai da'awa. Na ce ya ba ni kwanaki. Ga abin da na tattaro, kuma farkonsa ba a Nijar yake ba, a nan maƙwabtanmu yake.

RANAR DA YA FAƊO

Ranar Laraba ce, 3 ga Oktoba 1962, wadda ta yi daidai da farkon Jimada Lawwal 1382, shekara biyu da samun mulkin kai, zamanin Sarkin Katsina Alhaji Usman Nagogo, Sardauna kuwa yana Firimiya a Kaduna. Damina ta ja baya, kaka ta kawo kai. Wani manomi yana cikin gonarsa kusa da Dutsen Zagami, a ƙasar Faskari ta Lardin Katsina. Duk bafataken da ya taɓa bin hanyar Gusau zuwa Funtuwa ta Tsafe, ya ratsa ta gefen wannan ƙasa. Sai manomin nan ya ji wata ƙara kamar aradu, iska ta buge shi, wani abu ya faɗi tim, bai fi ƙafa goma daga inda yake tsaye ba. Da hankali ya komo aka duba, sai ga rami mai zurfin ƙafa biyu, da wani baƙin dutse a ciki. Nauyinsa kilo 18, watau wajen laba 40, ya kusa nauyin jarkar ruwa cikakkiya. Aka ɗauke shi aka kai Kaduna, ma'aikatar binciken ƙasa da ma'adinai, aka ajiye.

Wani abin mamaki, a wannan rana ce Amurkawa suka harba wani mutum nasu, Walter Shira, cikin kumbo, ya kewaya duniya sau shida ya sauko. Jaridun duniya suka cika da labarin wanda ya hau. Wanda ya sauko a Zagami kuwa ba wanda ya kula da shi, alhali tafiyarsa ta fi ta Shira nisa nesa ba kusa ba.

Kada a rikita wannan dutse da gatarin aradu da akan tsinta a gonaki. Shi gatarin aradu sassaƙar hannun mutanen da ne, tun kafin a san ƙira. Dutsen sama kuwa bayansa baƙi ne, kamar an gasa shi, don tsananin gudun da ya keto iska da shi ya narkar da fatarsa. Shi ne abin da mukan gani da dare ya ja layin wuta, mu ce tauraro ya faɗi. Mafi yawansu ba su kai ƙwayar gero ba, sukan ƙone tun a sama. Kaɗan ne ke isowa ƙasa.

SHAIDU UKU

Mirrihi dai malamanmu sun san shi, shi ne jan nan daga cikin taurari masu tafiya, ɗan'uwan Zuhura da Mushtari da Zuhal da Uɗaridu. Ƙasa ce mai duwatsu da rairayi kamar tamu, faɗinta rabin na duniyarmu, tana kewaya rana cikin kwana 687. Ko lokacin da ta fi kusato mu, tsakaninmu da ita ya haura kilomita miliyan 50. Har yau ɗan Adam bai taka ta ba. To, yaya aka yi aka san dutsen Zagami nata ne? Masana ba su yanke hukunci da shaida guda ba, sai da suka tara uku, kuma tarawar ta ci shekara 33.

Shaida ta farko ita ce ƙirar dutsen. Suka yanko ɗan ɓalli, suka goge shi har ya fi takarda rashin kauri, haske na ratsa shi, suka duba da madubin ƙara girma. Sai suka ga dutse ne da ya taɓa narkewa ya malalo, irin na tsaunuka masu aman wuta, kana ya daskare. Suka ga kuma wani ma'adini na cikinsa ya rikiɗe ya zama gilashi, abin da ba ya faruwa sai da bugu mai tsanani ƙwarai. Suka lura ya yi kama da wani da ya faɗo a Shergati ta ƙasar Hindu a 1865, kuma yana da dangantaka da wanda ya faɗo a Shasinyi ta Faransa a 1815, da wanda ya faɗo a Nakhla ta Masar, kusa da Iskandariya, a 1911. Suka ware su wuri guda, suka ce waɗannan 'yan gida ɗaya ne, amma gidan ba a san shi ba tukuna.

Shaida ta biyu ita ce shekaru. Akwai waɗansu sinadarai cikin dutse da ke juyewa su zama waɗansu, a hankali, bisa ma'auni tsayayye. Misalinsu kamar tulu ne mai yoyo, wanda ka san yawan ɗigonsa a yini. In ka auna abin da ya rage a ciki da abin da ya taru a ƙasa, ka san ran da aka cika shi. Bisa ga wannan lissafi nasu, kusan dukkan duwatsun da ke faɗowa daga sama sun kai shekara miliyan 4,500. Amma na Zagami bai wuce miliyan 180 ba, watau jariri ne a cikinsu. Suka ce, ƙaramin curi a sarari kan huce da wuri, kamar yadda ƙaramar tukunya kan riga babba hucewa. Ba abin da zai riƙe wuta a cikinsa har ya yi amanta a kurkusan nan sai babbar ƙasa. Zato ya karkata ga Mirrihi. Amma zato ba ya zama hukunci.

Shaida ta uku ita ce ta raba gardama, kuma ita ce amsar tambayar abokina. A 1976 Amurkawa suka saukar da kumbo biyu, Viking na ɗaya da na biyu, a kan Mirrihi, ba mutum a ciki, sai na'urori. Suka shaƙi iskar wurin suka auna, suka aiko da lissafin ta rediyo. Iska kuwa gauraye ce ta iri-iri, akwai naitirojin da argon da kiribton da zenon, kowane iri kuma yana da mai nauyi da marar nauyi. Gaurayen Mirrihi dabam yake da na duniyarmu. Ku 'yan kasuwar hatsi kun san wannan, tsohon ma'auni kan ɗebi gero a tafin hannu, ya dubi ƙwaya da tsakuwar da ke ciki, ya faɗa maka ƙasar da aka noma shi.

To, akwai wani masani a birnin Hustan na Amurka, Donald Bogard, wanda ya yi shekaru yana auna iskar da ke maƙale cikin duwatsun da aka ɗebo daga wata. A 1983 shi da abokin aikinsa Pratt Johnson suka ɗauki wani dutse ɗan gidan su Zagami, wanda aka tsinta a kan ƙanƙarar ƙarshen kudancin duniya, suka ciro 'yan ɗigon gilashi da ke cikinsa, suka narka su cikin tukunyar da aka tsotse iskarta sarai, suka auna abin da ya fito. Sai ga gaurayen ya zo daidai da wanda Viking ya aiko. Ashe lokacin da bugu ya narkar da ɗan wurin, gilashin ya daskare da iskar garinsu a ciki, kamar wasiƙa cikin ambulan. A 1995 kuma Kurt Marti na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego, shi da abokansa, suka yi irin wannan awo a kan gilashin dutsen Zagami kansa, suka sami iskar nan dai. Nan shari'a ta ƙare.

KOMAI NISAN JIFA

Saura tambaya guda, me ya raba shi da gida? Abin da masana suka fahimta shi ne, wani ƙaton dutse ne daga sarari ya faɗa wa Mirrihi, ƙarfin bugun ya watsa ɓaraguzai sama. Duk wanda gudunsa ya kai kilomita 5 cikin daƙiƙa guda ya kuɓuce, bai koma ba. Namu ya yi ta kewaya rana shi kaɗai wajen shekara miliyan 3, bisa ga tabon da hasken sarari ya bari a jikinsa, har ran da hanyarsa ta gamu da tamu a kan wata gona ta Faskari. Hausawa sun ce komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, amma ban taɓa jin jifa mai nisan wannan ba.

Duwatsun Mirrihi da aka sani a duniya duka kimanin 400 ne, kusan dukkansu tsintuwa ce a hamada ko a kan ƙanƙara. Waɗanda aka ga faɗowarsu da ido biyar ne kacal: Shasinyi, Shergati, Nakhla, Zagami, sai Tisint ta Maroko a 2011. Uku daga cikin biyar a Afirka suka sauka. Saboda haka babu masanin wannan fanni, daga Japan har Jamus, da bai san sunan Zagami ba, ko da bai san Kano ba.

Har wa yau, wani ɗan ɓarɓashinsa ya koma inda ya fito. Philip Christensen na jami'ar Jihar Arizona, wanda sana'arsa ƙera na'urorin da ke gane irin dutse daga nesa ta hanyar zafin da yake fitarwa, ya liƙa ƙwayar Zagami a jikin na'urarsa cikin kumbon Mars Global Surveyor. Aka harba shi a Nuwamba 1996, ya isa a Satumba 1997, ya yi ta kewaya Mirrihi yana aiko da labari har Nuwamba 2006, sa'ad da aka daina jin ɗuriyarsa.

YADDA AKE ZAMA MASANIN WANNAN FANNI

Mai karatu zai lura, duk sunayen da na ambata na nesa ne. Dutse ya faɗo a gonarmu, amma karatunsa a waɗansu ƙasashe aka yi. Kada mu ce abin ya fi ƙarfin baƙar fata ko Musulmi, ga misali daga Maroko.

Malama Hasna'u Shannawi, wadda Turawa ke rubuta sunanta Chennaoui, shehiyar malama ce a Jami'ar Hasan na Biyu da ke Kasabalanka. Ta karanci ilmin ƙasa da duwatsu, ta tafi Faris ta yi digirin dakta a kan irin iskar nan da muka yi zance, kana ta komo gida tana koyarwa. A lokacin nan hamadar ƙasarsu ta zama kasuwar duwatsun sama, makiyaya na tsinta, dillalai na saye, ana fita da su waje, ba abin da ke saura a gida, ko dutse ko ilmi. Sai ta juya ga wannan aiki. Da dutse ya faɗo a Bingarir a 2004, ta shiga bincikensa. Da na Tisint ya faɗo a Yuli 2011, ta tafi dajin da kanta, ta zauna da waɗanda suka ga wutar suka ji ƙarar, ta rubuta wuri da lokaci, ta tattara gutsattsari. A 2012 aka buga sakamakon binciken da sunanta a kan gaba, masanan Turai da Amurka na biye. A 2014 ta jawo babban taron shekara na masanan duwatsun sama na duniya zuwa Kasabalanka. A 2019 ta kafa wata gidauniya mai suna Attarik, kalmar da kowane almajiri ya san ta, don koya wa yara da mutanen ƙauye darajar abin da suke tsinta. An kuma raɗa wa wani ƙaramin curi da ke kewaya rana sunanta.

Ku dubi wannan hanya, ba ta da bambanci da tamu ta zaure. Yaro kan fara da lissafi da ilmin sinadarai tun a sakandare, ya yi shekara huɗu a jami'a, sa'an nan ya zauna gaban malami guda shekaru, yana bin mas'ala guda har ya ƙware, a ba shi izini. In ya gano wani abu, ba ya shelanta shi sai ya rubuta hujjarsa da yadda ya yi awonsa, a miƙa wa tsaransa su nemi kuskurensa. Yawancin kwanakinsa ba na kallon sama ba ne, na wanke kwalabe ne da gyaran na'ura da maimaita awo da neman kuɗin aiki. Mutum kan yi shekara goma a kan abin da bai kai ƙwayar wake ba. Wanda ya taɓa rubuta allo ya wanke, ya sake rubutawa ya wanke, har ya haddace, ba zai ga baƙon abu a nan ba.

CINIKI DA SANI

Yanzu mu komo ga dutsen abokina. An tsince shi a yankin Agadas a Nuwamba 2023, nauyinsa kilo 24 da ɗoriya, ya zarce na Zagami wanda ya daɗe yana riƙe da girma. A Yuli 2025 gidan gwanjo na Sotheby's a birnin Niyok ya sayar da shi dala miliyan 5.3 har da la'ada. Gwamnatin Nijar ta buɗe bincike a kan yadda aka yi ya fita daga ƙasar, ta kuma dakatar da fitar da irin waɗannan duwatsu. Na Zagami ma, wajen ƙarshen shekarun 1980 wani ɗan kasuwar duwatsu Ba'amurke, Robert Haag, ya sami babban yanki daga gare shi ta hanyar musaya, aka yayyanka, yau gutsattsarinsa na warwatse a gidajen ajiya da hannun masu tarawa a ƙasashe da yawa.

Ga wani abin lura. Ƙa'idar masana ita ce a kira dutse da sunan wurin da ya fi kusa da inda aka same shi. Amma da yawa daga na Sahara, saboda sun bi ta hannun dillalai, ba su da suna sai haruffan NWA, watau Arewa maso Yammacin Afirka, da lamba. Na Agadas ana kiransa NWA 16788. Malamai sun san bambancin ruwayar da isnadinta ya cika da wadda ya yanke. Na Zagami ya riƙe sunan garinsu don an san ranarsa da raminsa.

Ba ina cewa ciniki laifi ba ne. Abin da nake cewa shi ne, wanda ya sayar da abin da bai sani ba, farashin da mai saye ya ga dama shi zai karɓa. Mu mutanen Zamfara mun san kuɗin rashin sanin dutse, mun kuwa biya shi da tsada. A 2010, a ƙasashen Anka da Bukkuyum, an riƙa daka duwatsun zinariya a cikin gidaje, ba a san da dalma a ciki ba, yara fiye da 400 suka rasu. Allah ya ji ƙansu. Da akwai ɗan gari guda mai ilmin auna dutse, wanda ake jin maganarsa, da abin bai kai haka ba. Ilmin da ke karanta dutsen Mirrihi, shi ne dai ke karanta dutsen Bagega. Rashin sani ya fi dare duhu.

BA BAƘON ILMI BA NE

Wani zai ce, wannan ba duba ba ne? A'a. Mai duba yana da'awar sanin abin da zai sami mutum gobe. Wannan kuwa awo ne da lissafi na abin da ke nan, kamar wanda muke fitar da alƙibla da lokatan salla da shi, kamar kuma manzilolin nan 28 da manomanmu ke bi, su Haƙa'a da Han'a da Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabha, kowace kwana 13 sai guda mai 14, su cika kwana 365 na shekara.

Magabatanmu ba su juya wa sama baya ba. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi, Bafillacen Katsina, ya shahara a Masar da ilmin lissafi da hatimi da taurari, ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Shehu Hasan Aljabarti. Da Bature Kilafatan ya zo Sakkwato a 1824 ya nuna wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello taswirar sama, ya iske Bello ya san buruji da taurari masu yawa da sunayensu na Larabci. Nan Faru ma, da Shehu Usmanu ya zauna cikin shekarunsa na Zamfara, karatu ne ya tara masa jama'a. Ba ilmin ne ya guje mu ba, mu ne muka tsaya inda suka bar shi.

SHAWARA

Ga 'yan kasuwa da manoma da makiyaya: in dutse ya faɗo a gabanku, ku riƙe rana da sa'a da wurin, da sunayen waɗanda suka gani. Kada a wanke shi, kada a fasa shi, kada a jiƙa shi a sha da sunan magani. A naɗe shi cikin abu mai tsabta, a sanar da dagaci da hakimi, a nemi sashen ilmin ƙasa na jami'a, ko a Sakkwato ko a Zariya, ko ma'aikatar binciken ƙasa a Kaduna. Masana ba sa yi wa dutse rajista sai an ajiye giram 20 daga gare shi, ko kashi ɗaya cikin biyar in ƙarami ne, a gidan ajiya amintacce. Dutse mai rajista da tarihi ya fi marar su daraja, ko a wurin masani ko a kasuwa. A kuma bi dokar ƙasa kafin a yi zancen ciniki.

Ga 'yan'uwana malamai: kowannenmu yana da almajirin da ke yawan tambaya, wanda in ana karatun dare a bakin wuta idonsa na sama, ko wanda lissafin gado ba ya ba shi wuya. Kada mu tsawata masa mu kashe masa zuciya. Ya yi saukarsa, a kuma bar shi ya nemi lissafi da ilmin sinadarai, mace ce ko namiji. Attajiran Talatar Mafara da Bakura da Maradun kuwa, ɗaukar nauyin yaro guda har ya ƙware bai kai kuɗin tirela guda ba.

Da na karanta wa abokina wannan, sai ya yi shiru, can ya ce, "Ashe shekara talatin ina wucewa ta Faskari, ban san na wuce mashahurin wuri ba." Na ce masa duk haka muke. Wani dutsen zai sake faɗowa, ko a zamaninmu ko a na jikokinmu. Fatanmu shi ne ranar nan a sami ɗan ƙasa da zai ɗauke shi, ya auna shi, ya rubuta labarinsa da sunan garinsu.

Allah ya ƙara mana sani mai amfani. Haza wassalam.